Jar Akuya da Farin Ƙwallo: Shaida da Tara a Wasan Golf



Shugaban zama, malamaina da ke sahun gaba, malaman motsa jiki na lakkwal, alƙalan wasa, da matasan da na ga sun taso tun daga Tibiri da Jiratawa, barkanmu da war haka.

Ranar da aka liƙa takardar wannan lacca, wani abokina ya tare ni a bakin kasuwa yana dariya. Ya ce, "Malam, garin su Kantu za ka tara ka yi wa zancen golf? Abin faɗi ne ya ƙare maka?" Na ce ya zo ya ji. Ga shi can na hango shi a baya, dab da ƙofa, inda sulalewa ba ta da wuya.

Da gaskiyarsa. Mu mutanen kokowa ne. Da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya ɗauko shi, kuma filin kokowarmu sunansa yake amsawa. Golf kuwa yawancinmu a talabijin kaɗai muka gan shi. Wasu gidajen rediyo suna ce masa ƙwallon lambu, ko da yake in aka kai manomin Jiratawa ya ga hekta hamsin ana ba su ruwa safe da yamma, babu albasa babu zogale ko tushe ɗaya, ba na jin zai yarda da wannan suna. Amma wasan bai yi mana nisan da muke zato ba. Akwai fili a Kano, akwai a Kaduna, akwai na Rayfield a Jos wanda Turawan haƙar kuza suka buɗe tun 1913, akwai kuma na Rio Bravo a bakin kogi kusa da Yamai. Da yawa daga filayen wannan yanki namu da rairayi aka shimfiɗe kewayen raminsu a madadin ciyawa, don ruwa ya fi ƙarfin wasa.

Wasan kansa bayaninsa gajere ne. Ramu 18, kowanne faɗin bakinsa milimita 108. Kana da ƙwallo ɗaya da sanduna da ba su wuce 14 ba. Ka bugo ƙwallon daga mafari har ya faɗa rami, ka ƙirga bugun da ka yi, ka wuce rami na gaba. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Saboda haka a golf hukunci ƙari ne: in ka yi laifi sai a ɗora maka bugu ɗaya ko biyu a lissafinka. Shi zan riƙa kira tara.

Abin da ya kawo ni gabanku dai wani abu ne daban. A filin kokowa akwai arbit a tsakiya, akwai alƙalai a gefe, ga makaɗa, ga dubban idanu. Gwiwar ɗan kokowa ba ta taɓa ƙasa a ɓoye. A golf kuwa, mutum ya kan tsinci kansa shi kaɗai a bayan wata bishiya, abokin karawarsa yana can nesa da taku ɗari, babu mai ganin abin da ƙafarsa za ta yi wa ƙwallo sai Allah. Littafin dokokin wasan ya san da haka, kuma a babinsa na farko ya ɗora wa ɗan wasa nauyin ya ci kansa tara da kansa. Ta yaya ake rubuta doka ga wasan da mai laifi shi ne ɗan sanda, shi ne shaida, shi ne alƙali? Wannan tambaya ce ta daɗe tana cina, kuma amsarta tana farawa daga ɗigon alƙalami.

Ku ɗauki jar akuyarmu. Duniya ta san ta da sunan Maraɗi saboda kyawun fatarta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin unguwa da yamma lokacin da makiyayi ke dawowa da garke ya san matsalarta: duka ja ne. Baƙo ba ya raba su. Amma uwar gida ba ta ɓata, don ta tsaga wa tata kunne, ko ta ɗaura mata ƙyalle a wuya, tun ranar da babu rigima. Haka dillalin raguna yake shafa wa nasa fenti kafin layya, haka mai gyaɗa yake rubuta sunansa a buhu kafin a loda mota.

Ƙwallon golf ya fi jar akuya rikitarwa. Doka ta ce faɗinsa kada ya gaza milimita 42.67, nauyinsa kada ya wuce giram 45.93, don haka kusan duka girmansu ɗaya, kuma galibinsu farare ne. Kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, lambar da ake bugawa a jiki kuma yawanci daga 1 zuwa 4 take. A gasa ɗaya sai ka iske mutum ashirin suna buga Titleist mai lamba 2. Shi ya sa doka ta 6.3 ta shawarci ɗan wasa ya sa wa ƙwallonsa shaida: ɗigo, layi, harafi, abin da ya ga dama. Ku lura, shawara ce. Babu tara ga wanda bai sa ba. Doka ta bar shi da wautarsa, don ta san inda za su gamu.

Inda za su gamu ita ce doka ta 7.2, wadda ta bayyana hanyoyi uku da mutum zai ce "wannan nawa ne". Ko dai wani ya ga inda ƙwallon ya tsaya da idonsa, ko ka ga shaidarka a jikinsa, ko kuwa ka sami ƙwallo irin naka sak, kamfani da lamba da tsufa, a wurin da ake zaton naka ya faɗa. Hanya ta uku tana da tarko. In akwai wani ƙwallo irinsa a wurin, ba a kuma iya raba su, to ta rushe. Mutum biyu suka buga wuri ɗaya, suka iske ƙwallaye biyu tagwaye kwance a fili sarai, kowa yana kallonsu, amma babu mai iya cewa ga nasa: a idon doka duka biyun sun ɓata. Kama da wane ba ta wane. Malaman fiƙihu da ke nan ba za su ji wannan baƙo ba, don a babin tsintuwa ma mai cigiya sai ya siffanta jakar da igiyar da aka ɗaure ta kafin a miƙa masa.

Ɓatan ƙwallo kuma yana da tsada. Minti uku kake da su daga lokacin da kai ko mai ɗaukar maka jaka kuka fara nema. Da biyar ne, aka rage a 2019. In suka cika, sai ka koma inda ka bugo, ka ɗauki tara ɗaya, ka sake bugawa. Wato wanda ya ɓatar da bugun farko, in ya koma mafari bugu na uku yake yi. Wannan hukunci yana cikin dokoki 13 na farko da 'yan wasan Leith, kusa da Edinbara, suka rubuta a 1744, shekara goma kafin a haifi Shehu Usmanu. Don rage wahalar komawa, an yarda ka buga wani ƙwallon na ko-ta-kwana tun kana wurin, da sharaɗin ka faɗa da bakinka kafin ka buga. In ka yi shiru, na biyun ya zama shi ne na wasa, tara ta hau, ko da na farkon yana can yana jiranka a tsakiyar fili. Mai hankali ya kan sa wa na ko-ta-kwanan wata shaida daban, don in suka kwanta kusa da juna aka kasa raba su, doka na biyun take ɗauka, mai tsadar.

To, in laka ta rufe shaidar fa? An yarda ka ɗaga ka duba. Amma sai ka fara kafa alama a wurin, ka goge iya inda za ka gani, ba wanka za ka yi masa ba, sannan ka mayar da shi yadda yake. Ka tsallake kafa alamar ko ka wuce iyakar gogewar, tara ɗaya. In kuma ya maƙale a saman bishiya, mu ce gawo, ganin farin abu a reshe bai wadatar ba. Sai ka tabbatar naka ne, ko da madubin hange, ko ka hau. Sergio Garcia na Sifaniya ya taɓa hawa bishiya a wata gasa a Amurka a 2013, ya bugo ƙwallonsa daga can sama da hannu ɗaya.

Bari in ba ku nawa labarin, don kada ku ce a littafi na tsinto komai. Ina saurayi, zaman ci-rani ya kai ni ƙetaren iyaka, na yi watanni ina ɗaukar wa masu kuɗi jakar sanduna a wani fili da ba zan faɗi sunansa ba. A cikin yaran da muke aikin akwai sana'ar da kowa ya sani: aljihu mai huda. Ƙwallon maigida ya shiga ciyawa, ana nema, sai ka ji yaro ya ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe!" Kuma kullum a wuri mai kyau yake bayyana. Akwai iyayen gidan da ba sa tambaya, kuma su suka fi yawan kyauta. Wata rana na bi wani dattijo, ɗan siriri, marar yawan magana. Ƙwallonsa ya shiga wani kwari. Ban yi aikin aljihu ba, Allah ya sani, amma na iske ƙwallo irin nasa, lamba ɗaya, na yi ta murna. Ya zo ya duƙa, ya kafa tsinke, ya juya shi, ya ce, "Nawa ɗigo biyu gare shi, yaro." Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai sani?" Bai amsa ba. Ya duba agogo, muka ƙara nema har lokaci ya cika, sannan ya juya cikin ranar nan ta bazara ya taka har mafari. Ni kuwa ina biye da jaka ina zaginsa a zuci, don ya ja mana zufa a banza, kuma kyautarsa ba ta kai ta masu son aljihu ba. Na daɗe kafin in daina jin haushinsa.

Da ya buga wancan ƙwallon, da ya faɗa doka ta 6.3c. Wanda ya buga ƙwallon da ba nasa ba, in karon mutum biyu ake yi rami-rami, ya rasa ramin. In gasar ƙidayar bugu ce, tara biyu, bugun da ya yi da ƙwallon wani ba a ƙirga shi, sannan dole ya koma ya nemo nasa ya ci gaba. Manya ma suna faɗawa. A gasar US Open ta 2014 a Pinehurst, Hunter Mahan da Jamie Donaldson sun buga ƙwallayen juna a rami na 18, don kamfani ɗaya ne kuma shaidarsu ta yi kama. Sai da suka isa bakin rami suka gane. Suka koma, kowa da tara biyu. Mahan ya rasa tsallakawa zagaye na gaba da bugu ɗaya tak.

Yanzu ga jijiyar maganar. Tara biyu ba kisa ba ce, ana farfaɗowa daga ita. Amma wanda ya buga ƙwallon wani bai koma ya gyara ba, har ya buga bugun farko a rami na gaba, an kore shi daga gasar baki ɗaya. Ku duba yadda aka jera matakan. Tara ɗaya ta ƙananan kurakurai ce da neman sauƙi: ƙwallo ya faɗa ruwa, ko ya shiga inda ba ya buguwa, ko ka motsa shi da kanka. Tara biyu ta abin da zai iya ba ka riba ce: ƙwallon wani, ko bugu daga wurin da ba naka ba, ko sanda ta 15 a jaka, irin wadda ta ci Ian Woosnam a ranar ƙarshe ta gasar Open ta 2001 yana cikin na gaba-gaba. Kora kuwa an tanade ta ga lissafin da ya bar hannunka ba daidai ba. A ganina duk hikimar littafin nan ke nan: an yi wa kuskure kuɗi mai rahusa don mutum ya iya faɗinsa, an kuma tsawwala wa barinsa a rufe.

Wannan ya kai mu ga kati. A gasa, ba kai kake rubuta makinka ba. Kuna musayar kati da abokin tafiya, shi ya rubuta naka, kai ka rubuta nasa. In an gama, ka duba rami-rami ka sa hannu. Haɗa jimilla aikin kwamiti ne, ko ka yi kuskuren tarawa ba ruwanka. Amma lambar kowane rami a wuyanka take. Ka sa hannu a kan lambar da ta gaza gaskiya, kora. Ka sa hannu a kan wadda ta fi gaskiya yawa, ta zauna.

Ranar 14 ga Afrilu 1968, ranar da ya cika shekara 45, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya yi wasan rayuwarsa a gasar Masters. A rami na 17 bugu uku ya yi, duniya tana kallo a talabijin. Tommy Aaron, mai riƙe da katinsa, ya rubuta 4. De Vicenzo, ga gajiya ga ruɗu, ya sa hannu bai duba ba. Sai 65 ɗinsa ta koma 66, Bob Goalby ya ɗauki kambu ba tare da karon raba gardamar da ya kamata su yi ba. Na kan ba ɗalibai wannan labari, kuma kullum aji ya kan rabu biyu. Masu tausayi su ce zalunci ne, tunda kowa ya ga uku. Ni ma zuciyata tana wurinsu, amma kaina yana ɗaya ɓangaren. A ranar akwai 'yan wasan da kyamara ba ta bi ba. In aka gyara wa wanda aka gani, aka bar wanda ba a gani ba da sa hannunsa, an yi doka biyu a gasa ɗaya. Inda ba na tare da hukumomin shi ne abin da ya sami Mark Roe da Jesper Parnevik a Open ta 2003: sun manta ba su yi musayar kati ba, makin kowa ya hau katin ɗan uwansa, aka kore su duka biyu alhali babu lamba ɗaya ta ƙarya. Roe ya yi 67 a ranar, yana dab da na gaba. Wannan bautar takarda ce, kuma daga baya an sassauta dokar.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Lexi Thompson a 2017. Tana kan gaba a ranar ƙarshe ta wata babbar gasar mata a Kalifoniya, sai aka tare ta tsakanin ramu aka ce an ci ta tara huɗu. Wani mai kallo daga gidansa ne ya aiko da saƙon imel cewa jiya ta mayar da ƙwallonta ɗan gefe da alamarta. Biyu na wurin da ba daidai ba, biyu na katin da ta sa wa hannu ba ta san da laifin ba. Ta yi kuka, ta dage har ta kai karon raba gardama, So Yeon Ryu ta Koriya ta Kudu ta doke ta. Ku ƙaddara an gama kokowa, an naɗa wa mutum rawani, sai wani daga fada a Zariya ta nan Maraɗi ya bugo waya ya ce jiya ya ga yatsansa ya shafi ƙasa. Hukumomin biyu da ke riƙe da dokokin, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, sun ji kunya. Daga 2018 aka daina karɓar ƙarar 'yan kallo, aka kuma cire ƙarin tarar ga wanda bai san ya yi laifi ba. Sun yi daidai, domin wasan da aka gina a kan amanar ɗan wasa ba ya zama lafiya da ɗan leƙen asiri a kowane falo.

Kada ku fita nan kuna cewa na ce 'yan golf waliyyai ne. Na gaya muku labarin aljihu. Amma wasan ya san irin mutumin da yake yabo. A US Open ta 1925, Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ya motsa lokacin da yake shirin bugu. Babu wanda ya gani, jami'ai ma suka yi ta ja da shi, ya nace aka ɗora masa bugu ɗaya. A ƙarshe ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, ya kuma faɗi a karon raba gardama. An ruwaito cewa da aka yi ta yabonsa ransa bai so ba, yana ganin kamar a yabi mutum ne don bai fasa banki ba.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Tsofaffin da ke buga dara a gindin bedi ba su da arbit. Alhazan garin nan sun yi shekaru suna tura kaya Katsina da Kano a kan kalmar baki. Manomin Jiratawa da layin ruwa ya zo kansa cikin dare, babu mai tsaye a kansa ya ga ko ya rufe a kan lokaci don na ƙasa da shi ya samu. Abin da golf ya ƙara, wanda nake so malaman lakkwal da alƙalanmu su yi tunani a kai, shi ne ya rubuta kuɗin kowane kuskure tun kafin a yi shi, ya kuma buɗe ƙofar gyara har zuwa wani lokaci sananne. Yaron da ya san cewa in ya ce "ni ne" maki biyu zai rasa, zai faɗa. Wanda bai san ko bulala ce ko kora ba, ko kuma ya dogara da fuskar da mushe ya tashi da ita, zai rantse har da Alƙur'ani.

Kafin shugaba ya buɗe fagen tambayoyi, ku fito da bik mu yi lissafi ɗaya. Ɗan wasa ya bugo daga mafari, ƙwallo ya ɓata. Ya koma ya sake bugowa. Ya iso ya ga farin ƙwallo, ya buga, ashe na abokinsa ne. Ya gane, ya koma ya sami nasa, ya bugo shi bakin rami, sannan ya yi bugu biyu ya jefa. Nawa zai rubuta?

Na ji bakwai daga wajen 'yan Tibiri. Na ji tara daga baya, kuma muryar abokina ce, ashe bai sulale ba. Mu ƙirga tare. Bugun farko, ɗaya. Tarar ɓata, biyu. Bugun mafari na biyu, uku. Wanda ya yi da ƙwallon abokinsa ba a ƙirga shi, amma tararsa biyu ce, biyar ke nan. Bugu zuwa bakin rami, shida. Biyu na ƙarshe, takwas. Alhaji, takwas ne, ba tara ba, ko da yake akwai tara har uku a ciki.

Ga ƙwallaye biyu nan na zo da su, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Ɗaya na sa masa shaida tun a gida. A fara miƙawa daga sahun mata, kowa ya juya ya duba, amma don Allah su dawo mini duka biyu, a nan garin ba a sayar da su a kanti. Shugaba, bismilla.